Sitokhom, birnin da ke zaune kan ruwa: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da masu shirin tafiya Suwidin kan yi, ɗalibai da masu zuwa taro da masu ziyarar 'yan uwa. A tikiti da allunan hanya za ka ga an rubuta sunan birnin Stockholm. Sunayen unguwanni da tashoshi an bar su yadda suke a rubuce a can, don kada mutum ya tsaya gaban allo yana neman abin da babu.

A ina Sitokhom yake, kuma me ya sa ake cewa a kan ruwa yake zaune?

Shi ne babban birnin Suwidin, a gabar gabashin ƙasar, daidai inda tafkin Mälaren yake zuba a Tekun Baltik. An gina shi a kan tsibirai 14, gadoji fiye da 50 ne suka ɗinke su. Mutanen cikin birni sun kusa miliyan ɗaya, in an haɗa da garuruwan kewaye kuwa sun haura miliyan biyu.

Ka riƙe maganar ruwan nan, don ita ce mabuɗin komai. Ruwa ne ya sa aka kafa garin a nan, ruwa ne ya arzuta shi, ruwa ne ya haɗiye abin da yau ya fi komai jan baƙi, kuma har gobe wani ɓangare na sufurin garin a kan ruwa ake yin sa. Ruwan yana da tsabta har a tsakiyar gari. Kusa da majalisar dokoki za ka iske mutum tsaye da ƙugiya yana kamun kifi, ba wanda ya kalle shi sau biyu.

Wa ya kafa shi?

Rubutu mafi tsufa da ya ambaci sunan garin na shekarar 1252 ne, kuma al'ada ta ba Birger Jarl, wanda ke riƙe da ragamar ƙasar a lokacin, lambar kafa shi. Dabararsa ba boyayya ba ce: wanda ya tsare wannan ƙuƙumin mashiga ya tsare dukan garuruwan da ke bakin tafkin daga mahara, kuma duk ƙarfe da tagullar da za a fitar daga cikin ƙasa sai sun bi ta gabansa. Fatake Jamusawa suka cika garin, har ya zama a wani zamani rabin kujerun majalisar gari nasu ne. Sunan kansa kalmomi biyu ne, "stock" wato gungume, da "holm" wato ɗan tsibiri.

To, ina labarin mayaƙan ruwan nan da ake kira Baikin?

Sun riga Sitokhom. Garinsu na kasuwanci a wannan yanki shi ne Birka, a wani tsibiri cikin tafkin Mälaren, wanda ya yi tashe daga ƙarni na 8 zuwa na 10. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne yawan dirhamin azurfa na daulolin Musulunci da aka tono a ƙasar Suwidin, dubbai, da rubutun Larabci a jikinsu. Ta kogunan Rasha mutanen nan suke gangarawa da fatu da bayi, su komo da azurfa. Ana iya ganin irin waɗannan tsabar kuɗi a gidan tarihi na Historiska, kuma da bazara jirgin ruwa yakan kai mutane Birka ya dawo da su a yini ɗaya.

Yaya aka yi ya zama babban birni?

Da jini aka fara. Tun 1397 Danmak da Nowe da Suwidin suna ƙarƙashin sarki ɗaya, amma manyan Suwidin ba su taɓa sakin jiki da mulkin Danmak ba. A 1520 Sarki Kirista na II na Danmak ya ci Sitokhom, ya yi alkawarin yafe wa kowa, ya kira bikin naɗinsa. Ana cikin shagali aka rufe ƙofofin fada. A kwanakin da suka biyo, cikin watan Nuwamba, aka kashe mutum fiye da 80 a dandalin Stortorget, da limaman coci da manyan gari da attajirai. Cikin waɗanda aka sare akwai mahaifin wani saurayi mai suna Gustav Vasa. Shi ne ya tara manoman yankin Dalarna ya yi tawaye, aka zaɓe shi sarki ranar 6 ga Yuni 1523, ranar da har yau ita ce ranar ƙasa ta Suwidin. Cin amanar da aka yi don a kashe tawaye, ita ta haifi ƙasar.

A 1634 aka tabbatar da Sitokhom a matsayin mazaunin gwamnati, lokacin Suwidin na cikin manyan daulolin Turai. Bayan nan masifu suka biyo: gobara ta cinye tsohuwar fada a 1697, annoba ta kwashe kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen gari a 1710. Amma tun 1814 ƙasar ba ta sake shiga yaƙi ba, shi ya sa tsohon garin yake tsaye alhali biranen Turai da yawa bama-bamai sun baje su. Ɓarnar da aka yi wa Sitokhom, 'yan gari ne suka yi da hannunsu: a shekarun 1950 da 1960 aka rushe tsohuwar unguwar Klara aka dasa benaye na kankare da gilashi a kewayen dandalin Sergels torg. Har yau akwai tsofaffin da ba su huce ba, kuma in ka ga wurin za ka fahimce su.

Har yanzu suna da sarki?

Suna da shi, Carl XVI Gustaf, yana kan gado tun 1973, amma ba shi da ikon zartarwa. Mulki na majalisa ne mai kujeru 349. Fadar da ke tsohon gari, wadda aka tare a cikinta a 1754, tana da ɗakuna fiye da 600, kuma a nan yake aiki. Kwana kuwa a Drottningholm yake yi, can wajen gari a bakin tafki. Ana shiga duka biyun da tikiti. Da bazara sojojin fada kan yi faretin canjin gadi wajen tsakar rana, kallo kyauta.

In yini ɗaya kawai gare ni, me zan gani?

Jirgin Vasa. Ko fada ka bari, kada ka bar wannan.

Jirgin yaƙi ne da Sarki Gustav II Adolf ya sa aka ƙera masa, tsawonsa mita 69, da igwa 64, an ƙawata shi da ɗaruruwan sassaƙe-sassaƙe na zakuna da jarumai don ya tsorata abokan gaba tun daga nesa. Ranar 10 ga Agusta 1628 gari ya fito kallon tashinsa na farko. Bai yi tafiyar da ta wuce mita 1,300 ba wata iska ta kaɗa shi ya karkata, ruwa ya kwarara ta tagogin igwa na ƙasa da aka bari a buɗe, ya nutse a gaban idon jama'a. Mutum wajen 30 suka halaka.

Ba a ce ba a sani ba. Kafin tafiyar an gwada shi: aka sa mutum 30 su riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan, bayan zagaye uku aka dakatar da su don jirgin na neman kifewa tun yana ɗaure a tasha. Samansa ya yi nauyi, cikinsa ya yi ƙunci. Amma sarki na fagen yaƙi yana aiko da wasiƙun a gaggauta, ba wanda ya iya buɗe baki ya ce ranka ya daɗe, jirgin nan ba zai tafi ba. Da aka zauna bincike, wanda ya tsara jirgin ya riga ya rasu, sarki ne kuma ya amince da awon, sai magana ta mutu ba a hukunta kowa ba. Wannan sashe na labarin ba sai an yi wa ɗan Najeriya dogon bayani ba.

Ya kwana a laka shekara 333. Wani mai bincike, Anders Franzén, ya gano inda yake a 1956, aka ɗago shi a 1961. Abin da ya cece shi, ruwan Baltik ba shi da gishiri sosai, tsutsar da ke cin katakon jiragen ruwa ba ta rayuwa a ciki. An shafe shekara 17 ana fesa masa magani don kada katakon ya tsattsage in ya bushe. Yau kusan duk abin da za ka gani na asali ne. Gidan da aka gina masa a tsibirin Djurgården an buɗe shi a 1990. Ciki da duhu-duhu da sanyi, saboda katakon, don haka ka shiga da rigar sanyi ko da rana ake yi a waje.

Tsohon garin fa?

Gamla Stan ke nan, tsibirin da aka fara kafa gari. Lunguna ne na dutse, da gidaje masu launin ja da ruwan ɗorawa. Lungun da ya fi ƙunci, Mårten Trotzigs gränd, faɗinsa santimita 90 ne a inda ya fi matsewa. A nan fada take, da babbar cocin Storkyrkan, da dandalin da aka yi kisan 1520, wanda yanzu wurin shan gahawa ne. Babban titinsa Västerlånggatan cike yake da shagunan tsaraba masu tsada. Ka ratsa shi da sauri ka shiga lungunan baya, ko ka zo da sassafe kafin ayarin masu yawon buɗe ido su iso.

A nan ne ake ba da kyautar Nobel?

A nan ne, ban da ta zaman lafiya, wadda ake bayarwa a Oslo. Alfred Nobel ɗan Sitokhom ne, ya yi arziki da nakiya, ya rasu ranar 10 ga Disamba 1896, kuma tun 1901 a wannan rana ake miƙa kyaututtukan. Ana bikin a zauren Konserthuset, sannan a yi walima a gidan hukumar birni, Stadshuset. A 1986 Wole Soyinka ya karɓi ta adabi a nan.

Stadshuset ɗin ya cancanci shiga. An kammala shi a 1923 da jan bulo wajen miliyan 8, hasumiyarsa mita 106. Zauren walimar sunansa Shuɗin Zaure, amma ba shuɗi ba ne: mai zanen ginin, Ragnar Östberg, ya yi niyyar shafe shi, da ya ga kyan bulon sai ya fasa, suna kuwa ya riga ya bi shi.

Sai me kuma?

Skansen, kusa da Vasa, wanda aka buɗe a 1891: an kwaso tsofaffin gidaje da gonaki daga sassan ƙasar aka sake kafa su a kan tudu ɗaya, da dabbobin arewa irin su barewar ƙanƙara da kyarkeci. Yara na son sa. Wanda ke son ganin garin daga sama ba tare da biyan ko sisi ba, ya hau Monteliusvägen a tsibirin Södermalm da yamma.

Ta yaya ake zuwa daga ƙasashenmu?

Babu jirgi kai tsaye daga Kano ko Abuja ko Yamai. Sai an ya da zango, galibi a Istanbul ko Addis Ababa ko Doha ko wani birnin Turai. Bizar Shengen ake nema, wato bizar bai ɗaya ta ƙasashen Turai da dama.

Babban filin jirgin shi ne Arlanda, kilomita wajen 40 arewa da gari. Jirgin ƙasa na Arlanda Express yakan kai ka tsakiyar gari cikin minti 18, amma da tsada. Motocin Flygbussarna sun fi sauƙi, wajen minti 45. Mafi araha, wadda ɗalibai suka sani, ita ce ka hau bas mai lamba 583 zuwa Märsta, daga nan ka shiga jirgin ƙasa na 'yan gari da tikiti ɗaya. In kuwa tikitinka mai arha ne daga wani birnin Turai, duba da kyau ko Skavsta aka rubuta. Sunan Sitokhom ne a jikinsa, amma kilomita wajen 100 ne daga gari.

Tasi ba ta da farashi ɗaya a Suwidin, kowane kamfani da nasa. Karanta takardar farashi da ke manne a gilashi, ka tambayi kuɗin kafin ka zauna.

A cikin gari fa, yaya ake zirga-zirga?

Hukuma ɗaya ce, SL, ke kula da jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas da tarago da jiragen ƙasa na kewayen gari da wasu jiragen fito. Tikiti ɗaya na aiki a dukansu na tsawon minti 75, ka sauka ka hau yadda kake so. Akwai na awa 24, da awa 72, da na kwana bakwai. Ana saye a manhajar waya, ko ka ɗora katin banki a kan na'urar ƙofa. Direban bas ba ya karɓar kuɗi a hannu, kada ma ka fara. Masu duba tikiti kan shigo ba sanarwa, tarar kuma ba ta wasa ba ce, "ni baƙo ne" ba ya fid da kai.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa, tunnelbana, an buɗe shi a 1950. Layuka uku ne, kore da ja da shuɗi, da tashoshi 100, duka sun haɗu a T-Centralen. Alamarsa shuɗin harafin T a cikin farin da'ira. Zuwa Vasa da Skansen za ka iya hawa tarago mai lamba 7, amma ni na fi son jirgin fito daga tashar Slussen: minti kaɗan ne, tikitin ɗaya ne, kuma ka ga garin ta fuskar da aka gina shi don a gan shi. Mai tura keken jariri ba ya biyan kuɗin bas.

Da gaske ne mutane na shiga tashoshin don kallo kawai?

Da gaske. Tashoshi wajen 90 an yi musu ado da zane da sassaƙa. A layin shuɗi an bar dutsen yadda aka fasa shi, kamar kogo, aka shafe shi da fenti. Solna centrum ja ne wur da kore, Rådhuset launin jar ƙasa, Kungsträdgården kamar an tono tsohon lambu. Tikiti ɗaya ya isa ka ga uku ko huɗu.

In ɗauki hayar mota?

Don cikin gari, a'a. Akwai harajin cunkoso tun 2007 ga motar da ta shiga ko ta fita tsakiyar gari a ranakun aiki, wurin ajiye mota kuma tsada gare shi. Hannun dama suke bi. Da hagu suke bi, sai ranar 3 ga Satumba 1967 da asuba duk ƙasar ta koma dama, shekara biyar kafin Najeriya ta yi haka a 1972.

Abin da ya fi mota haɗari ga baƙo shi ne keke. Hanyarsu na gefen ta masu ƙafa, ba ƙara suke yi ba, kuma ba sa tsammanin ganin mutum a kanta.

Wane kuɗi ake kashewa?

Kurona, ba yuro ba. Sun ƙi yuro a ƙuri'ar raba gardama ta 2003. Amma da wuya ka ga takardar kuɗin ma, don shaguna da gidajen abinci da yawa kati kawai suke karɓa, har banɗakin haya. Ka tabbatar katinka na aiki a ƙasashen waje kafin ka taso. Garin da tsada. Hanyar sauƙi ita ce ka ci babban abincinka da rana, lokacin da gidajen abinci ke sayar da "dagens lunch", wato abincin ranar da suka ware wa wannan yini, a farashi mai rahusa. Ruwan famfo kuma ana sha.

Wane lokaci ya fi dacewa a je?

Daga ƙarshen Mayu zuwa Agusta. Zafi yakan tsaya wajen digiri 20 zuwa 25, kuma a watan Yuni rana kan yi fiye da awa 18 a sama. Da hunturu ana ta magana a kan sanyi, amma sanyi ana maganinsa da sutura. Duhu ne abin da ke karya baƙo. A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen tara saura kwata, kafin ƙarfe uku ta faɗi. Wanda ya tashi a inda tsawon yini bai cika canzawa ba, jikinsa kan ɗauki lokaci kafin ya yarda cewa ƙarfe huɗu ba dare ba ne. Ka sayi takalmi mai kauri wanda ba ya santsi a kan ƙanƙara.

Yaya zancen salla da azumi da abincin halal?

Babban masallaci na Södermalm, kusa da tashar Medborgarplatsen. An buɗe shi a 2000 a cikin tsohon gidan wutar lantarki. Akwai wani mai hasumiya a unguwar Fittja, da ƙanana da yawa a unguwanni.

Lokutan salla su ne ke rikita sabon zuwa. A tsakiyar bazara shafaƙi ba ya ɓacewa gaba ɗaya, ja-jan magariba yakan zarce har ya haɗu da na alfijir, don haka masallatai ƙiyasi suke yi wa isha da asuba, kuma jadawalinsu kan bambanta. Ka bi na masallacin da kake salla. Da hunturu kuwa azahar da la'asar da magariba kan zo a jere cikin awa uku ko ƙasa da haka. Azumin da ya faɗo a Yuni kan kai awa 20, na Disamba kuwa kafin ka ji yunwa an sha ruwa.

Naman halal na samuwa a kasuwar Hötorgshallen da ke tsakiyar gari, da unguwannin Rinkeby da Skärholmen. Ka kula da shahararrun ƙwallayen namansu, köttbullar, don sau da yawa naman sa ne gauraye da na alade. Kalmar alade a jikin kaya ita ce "fläsk" ko "gris". Kifi kuwa ga shi nan birjik.

Ba a garin nan aka ƙona Alƙur'ani ba?

A nan ne. A 2023 an yi hakan kusa da ofishin jakadancin Turkiyya a watan Janairu, sannan a gaban babban masallaci ranar Babbar Salla. Ɗaiɗaikun mutane ne suka yi, da izinin taro da 'yan sanda suka ba su bisa dokar 'yancin taro. Gwamnati ta yi tir da abin amma ta ce doka ba ta ba ta ikon hanawa ba, daga baya kuma kotuna suka samu wasu daga cikinsu da laifin tunzura ƙiyayya. Abin ya yi wa Musulmin ƙasar ciwo ƙwarai, su da ke da yawa a can, Somaliyawa da Irakawa da Siriyawa da Turkawa da 'yan Bosniya. A rayuwar yau da kullum mace mai hijabi a jirgi ko a bayan kantar magani ba abin kallo ba ce. Wannan ba ya nufin babu wariya. Akwai, musamman wajen neman aiki da gidan haya.

Yaya mutanen suke?

Masu shiru ne. A bas ba wanda zai zauna kusa da kai in akwai wata kujera, kuma ba ƙyama ba ce, haka suke yi wa junansu. Gaisuwa "hej" ce kawai, ba tambayar iyali ba tambayar gajiya. Godiya "tack". Kusan kowa na jin Turanci. In an ce ƙarfe biyu, ƙarfe biyu ake nufi. A banki da kantin magani ana cirar lamba a na'ura a jira kira. In an gayyace ka gida ka tuɓe takalmi a bakin ƙofa, wannan kam mun saba. In kuma an ce a zo a yi "fika", wato gahawa da burodin kirfa, kada ka ce kana sauri, don a nan ne bakinsu yake buɗewa.

In na samu kwana ɗaya na ƙari, ina zan nufa?

Ruwa. Gabas da gari akwai tsibirai wajen 30,000, wasu da ƙauyuka, wasu dutse ne kawai da bishiya biyu. Jiragen ruwan kamfanin Waxholmsbolaget na tashi daga tashar Strömkajen, daura da fada. Vaxholm tafiyar awa ɗaya ce, Fjäderholmarna kuma rabin awa da bazara. Mai son tudu ya hau jirgin ƙasa zuwa Uppsala, minti 40, inda jami'arsu mafi tsufa take tun 1477. Akwai kuma manyan jiragen ruwa da ke tashi da yamma su wayi gari a Helsinki ko Tallinn, da ɗakin kwana a ciki. Bizar Shengen ɗin nan ta isa, amma ka tafi da fasfonka.